Gashin ƙashi ko tiyata: amsa kan matsewar hanyar laka a wuya

'Yar uwa, kin ce hoton MRI ya nuna hanyar laka ta matse a wuyan Baba tsakanin C5 da C6 (ƙashin wuya na biyar da na shida), wani likita ya ce gashin ƙashi, wani ya ce tiyata. Allah ya ba shi lafiya. Abin da ke raba gardamar shi ne: jijiyar da ke tafiya hannu aka danne, ko lakar kanta?

Idan jijiya ce, ciwo ne zai riƙa sauka daga wuya zuwa kafaɗa har yatsu, da sagewa. A nan gashin ƙashi da magani ne kan gaba, kuma da yawa kan samu sauƙi cikin mako 6 zuwa 12. Sai dai magungunan ciwo irin su diclofenac da ibuprofen na taɓa ƙoda, suna tayar da gyambon ciki, kada dattijo ya mayar da su abincin kullum. Gashin ƙashi da magani suna rage ciwo ne, ba sa buɗe ramin da ya matse.

Lakar ita ce abin tsoro, don wani lokaci ba ta ma ciwo sosai. Ki lura da shi: yana kasa saka maɓallin riga? Cokali na suɓuce masa? Tafiyarsa ta koma tangaɗi, ko fitsari na kufce masa? In haka ne, ni ina bayan mai cewa tiyata. Babban aikinta tsayar da lalacewar. Abin da laka ta riga ta rasa ba lallai ya dawo duka ba, shi ya sa jinkiri ke da tsada.

Ita ma tiyatar iri biyu ce. Ta gaba: a shiga ta gefen maƙogwaro, a cire faifan guringuntsi na tsakanin ƙasusuwa da ya turo, a haɗe ƙasusuwan biyu. Ta fi dacewa da wuri ɗaya ko biyu kamar na Baba, amma akan yi fama da wahalar haɗiya ko dishewar murya, galibi na ɗan lokaci. Ta baya kuwa, idan wurare uku ko fiye suka matse, a cire rufin ƙashin ko a buɗe shi kamar ƙofa, dabarar da ta fito daga Japan. Ta bayan ce ta fi barin mutum da ciwon wuya bayan aiki.

Kafin ku yanke shawara, don Allah kada a bari mai ɗori ko mai tausa ya murɗa masa wuya. Kuma ki tambayi likitan ƙarara: akwai alamar rauni a jikin lakar a hoton?