Node.js, Go, Java ko Python: wanne zai iya da cunkoson sabarka?

Kafin ka zaɓi yaren kwamfuta da za ka gina sabarka da shi (sabar ita ce kwamfutar da ke amsa buƙatun masu amfani da manhajarka), zauna ka yi lissafi guda: a cikin kowace buƙata da ta shigo, wane lokaci sabar ke aiki, wane lokaci take zaman jira? Ɗauki manhajar sayar da katin waya da data. Mutum ya danna maɓallin saye. Sabar ta duba asusunsa a rumbun bayanai, ta tura wa kamfanin da ke ba da katin, ta jira amsa, ta rubuta sakamako. Lissafin da furosesa ta yi a nan bai kai ƙiftawar ido ba, sauran duk jira ne. A ce kamfanin yakan ɗauki daƙiƙa 3 kafin ya amsa, buƙata 100 kuma na shigowa a kowace daƙiƙa. Ke nan a kowane lokaci akwai buƙata 300 a rataye. Abin da kake saye idan ka zaɓi yare shi ne yadda zai riƙe waɗannan 300 ɗin, da abin da riƙon zai ci maka.

Tsohon tsari shi ne a ba kowace buƙata zare ɗaya na tsarin kwamfuta (thread, wato layin aiki guda da furosesa ke bi mataki-mataki), zaren ya tsaya cik har amsa ta zo. Ba abin da ya fi shi sauƙin karantawa, amma zare na da tsada. A Java kan Linux, kowane zare yakan keɓe wa kansa kusan megabayit ɗaya, Tomcat kuma, shirin sabar na Java, idan ba ka taɓa saitinsa ba, zare 200 ne iyakarsa. Da lissafinmu na sama, layi zai fara taruwa alhali furosesa na zaman banza. Tun 1999 Dan Kegel ya raɗa wa wannan matsala suna C10K, wato yadda injin guda zai riƙe mutum dubu goma a lokaci ɗaya, manhajar sabar Nginx da Igor Sysoev ya fitar a 2004 kuma ta nuna cewa ana iya yi. Daga nan hanya ta rabu biyu. Wasu suka ce a yi aiki da zare ɗaya amma kada ya taɓa tsayawa jira. Wasu suka ce a bar kowa da zarensa, sai dai a ƙera zare mai arha.

Node.js

Node.js, mai gudanar da JavaScript a sabar, wanda Ryan Dahl ya fitar a 2009, shi ne jagoran hanya ta farko. Ka ga mai shayi da safe: ya ɗora ruwa, kafin ya tafasa ya fasa ƙwai, kafin ƙwai ya soyu ya yanka burodi, ya miƙa wa wani canji. Mutum ɗaya ne, amma ba ya tsayawa kallon tukunya. Haka zaren Node yake. Ya tura tambaya ga rumbu, ya koma kan wata buƙata, in amsa ta iso ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Tun da async da await, kalmomin da ke nuna inda zare zai saki buƙata ya kama wata, suka shigo JavaScript a 2017, rubutun ya daina zama sarƙaƙiyar aiki cikin aiki cikin aiki da ake kuka da ita a da.

Inda yake ciwo shi ne aikin da ba jira ba. Ka sa shi ya haɗa rahoton PDF mai shafi ɗari biyu, ko ya warware katon fayil na JSON, to duk sauran mutanen da ke kan layi sun tsaya har sai ya gama, domin zaren ɗaya ne. Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba: libuv, injin da ke ƙarƙashin Node, yana da zare 4 kacal a saitinsa na asali don karanta fayil, matse bayanai, wasu ayyukan ɓoye kalmar sirri da neman adireshin sabar. Idan jama'a suka yi dafifi wajen shiga asusu, waɗannan huɗun za su cika, aikin fayil da ba ruwansa ya maƙale a bayansu. Ana ƙara su da UV_THREADPOOL_SIZE, ana kuma tura aiki mai nauyi ga worker_threads. Sannan tun daga Node 15, kuskuren da ya taso cikin aikin async ba a kama shi ba yana kashe shirin gaba ɗaya. Await guda da aka manta yana iya jawo haka da tsakar dare.

Duk da haka, ga ƙaramar tawaga da aikinta shi ne kai da kawo tsakanin rumbu da wasu kamfanoni, Node ciniki ne mai kyau. Masu iya JavaScript ba su da wuyar samu, wanda ya rubuta fuskar manhaja kuma zai iya leƙa bayanta.

Python

A nan nake yawan ja wa mutane kunne. Python ta samu asyncio, laburarenta na aiki ba tare da tsayawa jira ba, a 2014, ta samu async da await a sigar 3.5 a 2015, amma ta same su ne bayan an shafe fiye da shekara ashirin ana rubuta laburare masu tsayawa jira. Sai aka wayi gari da duniya biyu a gida ɗaya. Mutum ya rubuta async def a FastAPI, tsarin gina sabar da Python, a ciki ya kira laburaren requests don tuntuɓar kamfanin katin. Komai zai yi aiki lafiya lau a kwamfutarsa, domin shi kaɗai ke gwadawa. Ranar da mutum hamsin suka shigo tare, kowa zai jira na gabansa, saboda requests ba ta san ana sakin zare ba. Magani shi ne laburaren httpx ko aiohttp, waɗanda suka san sakin zare, ko kuma a rubuta def zalla, FastAPI da kanta ta kai aikin wani zare daban. Abin haushin shi ne ba wani gargaɗi da zai fito, sabar dai ta yi sanyi kawai.

Ga kuma GIL, makullin da ke hana zare biyu gudanar da kod ɗin Python a lokaci guda. Sigar 3.13 ta Oktoban 2024 ta zo da nau'in gwaji da ba shi da makullin, amma ba shi ne wanda ake girkawa kai tsaye ba. Don haka har yanzu abin da aka saba shi ne a tayar da ma'aikata da yawa, wato kwafi-kwafi na shirin, da Gunicorn, a tura aiki mai tsawo ga Celery mai gudanar da ayyuka a bayan fage. Wanda yake da Django, wani tsarin gina sabar da Python, tana masa aiki, ba na ba shi shawarar ya rushe ta don yayin async. Wanda kuma sabarsa ke manne da aikin nazarin bayanai ko ƙirƙirarriyar basira, to Python ce gidansa, ya koyi tarkonta ya zauna.

Go

Idan aka ce in zaɓa wa sabon aiki mai cunkoso yare ba tare da na san tawagar ba, Go zan fara ambata. Google ta sanar da shi a 2009, sigar 1.0 ta fito a 2012, ya kuma ɗauko dabararsa daga takardar Tony Hoare ta 1978 kan ayyuka masu aika wa juna saƙo. Goroutine, wato zare mai arha na Go, na farawa da kimanin kilobayit 2, ta girma in da buƙata. Dubu ɗari daga cikinsu a injin matsakaici ba abin mamaki ba ne. Laburaren sabar da ya zo da yaren yana ba kowane haɗi goroutine tasa, kai kuma ka rubuta kod daga sama zuwa ƙasa kamar babu kowa sai buƙata ɗaya. Babu raba ayyuka gida biyu, na async da waɗanda ba na async ba. Aikin lissafi mai nauyi ma ba ya toshe saura, domin ana rarraba goroutine kan duk cibiyoyin furosesa. Idan ka gama, fayil ɗaya za ka ɗora a sabar.

Sauƙin tayar da goroutine shi ne kuma haɗarinta. Wadda ta tsaya jiran saƙon da ba zai taɓa zuwa ba, tana nan zaune tana cin RAM har a sake kunna sabar. Biyu kuma suka rubuta a map ɗaya (ma'ajiyar bayanai a cikin shirin) lokaci guda, shirin na iya faɗuwa nan take. Wajibi ne ka saba da context don sa wa kowane kira wa'adi, ka kuma riƙa gwaji da -race, wanda ke kama inda ayyuka biyu suka yi karo kan bayani ɗaya.

Java

Shekara da shekaru, ɗan Java da ke son riƙe dubban haɗi sai ya koma salon reactive mai hana zare tsayawa jira, irin su WebFlux, inda bin diddigin kuskure kaɗai ya isa ya sa mutum ciwon kai. Java 21 ta Satumban 2023 ta sauya lissafin da zaren da ake kira virtual: mai arha kamar goroutine, tsohon kod kuma ya hau kansa kusan ba gyara. A Spring Boot 3.2, tsarin gina sabar da Java, kunna shi layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti. Ka dai duba sigar da za ka girka. A Java 21, zaren da ya tsaya jira a cikin synchronized, makullin Java, yana maƙale wa zaren ainihi da ke ɗauke da shi, kuma sai a Java 24 ta Maris 2025 aka warware wannan. Kamfanin da ke da tarin kod ɗin Java da ma'aikatan da suka san shi ba shi da dalilin ƙaura zuwa Go don cunkoso kawai. C# ma haka, tun 2012 take da async da await, kuma laburarenta sun daɗe da sabawa da su.

Elixir da Rust

Waɗannan biyu kaya ne masu kyau da ba kowa ya kamata ya saya ba. Elixir na gudana kan injin Erlang, wanda aka fara a Ericsson ta Suwidin a 1986 don na'urorin haɗa kiran waya, inda ɗaukewar layi babban laifi ne. Kowane ƙaramin aiki yana da ma'ajiyarsa, ba ya taɓa ta wani, sai dai ya aika saƙo. In ya mutu, mai sa ido ya tayar da sabo, saura ba su ma sani ba. A 2012 WhatsApp ta ba da labarin riƙe haɗi sama da miliyan 2 a sabar guda da Erlang. Don manhajar hira, bin sawun motoci kai tsaye, ko duk abin da haɗinsa ke zama a buɗe na sa'o'i, ban san abin da ya fi shi ba. Tambayar ita ce, ranar da gwaninka ya samu aiki a waje, wa zai karɓa?

Rust ya samu async a ƙarshen 2019, yawanci kuma da laburaren Tokio ake tafiyar da shi. Ba shi da mai kwashe shara, wato mai share bayanan da aka gama da su a RAM, da zai dakatar da shiri, mai harhaɗa kod ɗinsa kuma yana ƙin yawancin karon bayanai tun kafin shirin ya tashi. Discord ta bayyana a 2020 cewa ta mayar da wani sashe nata daga Go zuwa Rust saboda tsaikon da kwasar shara ke jawowa duk bayan minti biyu. Wannan matsalar masu miliyoyin mutane ce. Kai da ke neman kwastoma dubu na farko, farashin Rust shi ne watannin da za ka yi kana kokawa da shi.

PHP fa? Kada a raina ta. Da PHP-FPM kowace buƙata na samun ma'aikacinta, ta gama a share komai, don haka ɗimbin matsalolin da na lissafa a sama ba sa ma tasowa. Iyakarta ita ce adadin ma'aikatan da RAM zai ɗauka. In ka tura kiran kamfanin katin zuwa layin jira na Laravel, tsarin gina sabar da PHP, ka ce wa mai saye "ana kan aiki", za ta kai ka nesa fiye da yadda ake zato.

Abin da ba yaren da zai yi maka

Duk wanda ka ɗauka, cunkoson bai ɓace ba, gaba ya matsa. Rumbun bayanai na PostgreSQL yana zuwa da iyakar haɗi 100. A tsohon tsari, ƙarancin zare shi ke tare jama'a a bakin ƙofa ba tare da ka sani ba. Da ka koma goroutine ko zaren virtual, ƙofar ta buɗe, buƙata dubu biyar suka auka wa rumbu tare. Dole ka sa iyaka da hannunka: ƙayyade yawan haɗin da manhaja za ta buɗe, ka sa PgBouncer, mai tattara haɗi zuwa rumbu, a tsakani in ma'aikatan sun yi yawa, ka kuma ƙayyade yawan kiran da za a yi wa kamfanin waje a lokaci guda, kowanne da wa'adinsa.

Sai asusun kuɗi, inda aka fi yin asara. Mutum yana da naira 1,000. Intanet ta yi masa nauyi, ya danna saye sau biyu, kowanne na naira 800. Buƙata ta farko ta karanta asusun, ta ga 1,000, ta tafi jiran rumbu. A wannan ɗan tsakanin ta biyu ta karanta, ita ma ta ga 1,000. Duka biyun suka amince, ya tafi da katin 1,600. Wasu na ɗauka cewa tun da Node zare ɗaya ne, hakan ba zai faru ba. Yana faruwa sarai, domin a kowane await zaren na barin buƙatarka ya kama wata. Makullin cikin manhaja ma ba zai cece ka ba da zarar sabar ta zama biyu. A rumbu ake gyara shi: umarni guda na UPDATE da zai cire 800 bisa sharaɗin cewa abin da ke asusun ya kai 800, sannan ka duba ko layi ya sauya kafin ka tura katin. Ko kuma ka kulle layin da SELECT FOR UPDATE har cinikin ya kammala. Ka haɗa da lambar shaida ta musamman ga kowane saye, wadda rumbu ba zai karɓa sau biyu ba, ta yadda dannawa ta biyu za ta dawo da sakamakon ta farko maimakon ta buɗe sabon ciniki.