Kwana Bakwai a Tekun Bahar Rum: Abin da Na Gani na Kaya da Hidima

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Da muka yi waya ka ce hotunan da na turo ba su gamsar da kai ba, in zauna in rubuto maka dalla-dalla abin da na gani na kaya da farashi da hidima a tafiyar da muka yi ni da maman yara a jirgin ruwan shaƙatawa, domin kai ɗan kasuwa ne, kana so ka san abin da mutum yake samu a madadin kuɗinsa. To ga bayanin, kuma farashin duka da yuro na rubuta, sai ka tambayi 'yan canji a Wapa yadda kasuwa ta tashi ranar da ka karanta.

Mun tashi daga tashar Jenowa a ƙasar Italiya ranar Lahadi, muka tsaya a Cibitabekiya, wadda ita ce tashar birnin Rum, sai Palermo a tsibirin Sisili, sai Baleta babban birnin Malta, muka yi yini guda cur a kan ruwa, sannan Basalona a Sifaniya da Marsey a Faransa, muka dawo Jenowa Lahadin da ta zagayo. Duk ƙasashen huɗu suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake zirga-zirga a tsakaninsu da biza ɗaya, kuma yuro suke kashewa, saboda haka fasfo da takardar zamanmu ta Italiya sun ishe mu, ba mu kuma canji kuɗi ko sau ɗaya ba.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, farashin da ake tallatawa ba shi ne farashin tafiyar ba. Mun biya yuro 650 kowannenmu don ɗaki na ciki wanda ba shi da taga, wato 1,300 mu biyu, aka ce wannan ya haɗa da kwana da abinci da wasannin dare, kuma gaskiya ne ya haɗa. Amma ranar shiga sai aka ba kowa wani kati, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da dawowa, shi ne kuma jakar kuɗi, domin a cikin jirgin ba a karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Katin nan tamkar littafin bashin mai kanti ne a unguwa, da bambanci ɗaya: mai kanti yakan dube ka ya ce, Malam, lissafi fa ya fara nisa, shi kuwa kati ba ya magana sai daren ƙarshe. Da takardar lissafi ta iso ɗakinmu, na ga kuɗin hidimar ma'aikata yuro 12 kan kowane mutum a kowane dare, wato 168, intanet 60, ruwan gora da lemo da gahawa 90, likita 95, wanki da guga 30, motar da ke kai mutane cikin gari daga bakin tasha 32. Jimla yuro 475 a kan abin da muka riga muka biya, ban da abin da muka kashe a tudu. Ba zan ce sun ɓoye ba, domin duk yana rubuce a sharuɗɗan da na sa wa hannu, sai dai an rubuta farashin shiga da manyan baƙaƙe, sauran kuma da ƙanana.

Duk da haka ba zan tauye musu haƙƙi ba, domin abin da suke sayarwa na ainihi na same shi, wato kwanciyar hankali game da abubuwan da mu a gida muke yini muna bi. Jirgin ya ɗauki fasinja wajen 4,000 da ma'aikata fiye da 1,000, tsawonsa ya haura mita 300, kuma a kwana bakwai ɗin nan wuta ba ta ko ƙifta ba, famfo bai taɓa yin shiru ba. Injinan jirgin su ne ke ba da wutar gaba ɗaya, ruwan kuma daga tekun ake janyo shi a cire masa gishiri ya zama na sha da wanka. Na tsaya a banɗaki da asuba ina alwala da ruwan ɗumi a tsakiyar teku, sai na tuna yadda Hajiya take sauraron 'yan garuwa tun da sassafe, da kuɗin man janareta da kake lissafawa duk wata a shago, na ce lallai a nan ba wata dabara ta ɓoye suke da ita ba, kula da inji ne a kan lokaci da kuma sanin wanda za a tuhuma idan abu ya tsaya.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne atisayen ceto. Kafin jirgi ya ɗaga, dole kowane fasinja ya je wurin taruwar da aka rubuta a katinsa, a duba sunansa, a nuna masa yadda ake ɗaura rigar kariya daga nutsewa, a kuma jiyar da shi jiniyar haɗari, gajeru bakwai da doguwa ɗaya. An tsaurara wannan doka ne bayan jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Jiliyo ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, kuma tun daga farkon 2015 dokar ƙasa da ƙasa ta ce a yi atisayen kafin tashi ko da zarar an tashi. Ina riƙe da rigar nan na tuna yaran Islamiyyar da kwalekwale ya kife da su a Bagwai a ƙarshen 2021, Allah ya jiƙansu. A daren da muka bar Sisili muka nufi Malta kuma na kasa barci, na fita na tsaya a jikin ƙarfe ina kallon duhun ruwa, domin ruwan nan ne 'yan'uwanmu da suka bi ta Agadas da Libiya suke ƙoƙarin ƙetarewa a kwalekwalen roba, kuma ba da nisa sosai ba ne tsibirin Lampedusa yake, inda mutum 368 suka nutse ranar 3 ga Oktoban 2013. Ruwa ɗaya ne, amma mu an ƙidaya mu an ware wa kowa gurbi a jirgin ceto. Ka karanta wa yaran gida wannan wurin, musamman masu zancen tahowa ta hamada.

Batun abinci kuwa, yawa ba a magana, tun daga asuba har tsakar dare akwai inda ake zubawa, mutum ya ɗiba iya son ransa, kuma abin da ake bari a faranti a zubar a yini ɗaya ya isa ya ciyar da makarantar allo guda. Sai dai Musulmi yana bukatar lura. Naman alade yana cikin abubuwa da yawa, har da waɗanda ba za ka zata ba, wasu miyoyin kuma da giya ake haɗa su, kuma da na tambaya game da yanka ba a ba ni amsar da ta kwantar min da hankali ba. Muka tsaya a kan kifi da ƙwai da taliya da shinkafa da ganye da 'ya'yan itace. Burodinsu da cukunsu babu na biyunsu, amma girkin ba shi da kai irin namu, ba daddawa ba attaruhu, da maman yara ba ta saka kwalbar yaji a jaka ba da mun sha wuya. A kwana na huɗu, da an ba ni zaɓi tsakanin duk teburin nan da malmala biyu ta tuwon shinkafa da miyar kuka, da ban yi dogon tunani ba.

Ma'aikacin da ke gyara ɗakinmu ɗan Indonesiya ne kuma Musulmi, da ya ga darduma sai ya yi mana sallama, ya nuna min tashar talabijin da ke nuna inda jirgi ya fuskanta domin in riƙa gane alƙibla, tunda tana juyawa duk sanda jirgi ya karya kwana. Ya ce kwantiraginsa wata takwas ne ba ranar hutu ko ɗaya, iyalinsa kuma sai ta waya. Dokar ma'aikatan ruwa ta 2006 ta tanadi a ba su hutun awa 10 cikin kowace awa 24, amma ko da an cika ta, ka ga sauran awannin suna da yawa. Bayan na ji haka kuɗin hidimar nan na yuro 12 ya daina yi min ciwo, har na ƙara masa wani abu a hannu ranar sauka.

Abubuwa biyu ne suka ɓata min rai. An hana shiga da dutsen guga saboda tsoron gobara, don haka na ba da babbar rigata ta shadda a goge min don daren ado, aka karɓi kuɗin da mai wanki da guga na unguwarmu zai yi wa gida wankin sati da shi, aka dawo min da ita an karya aikin wuyan, ba sitati ba ƙyalli. Bugun da ake yi wa shadda a Kano ba su san shi ba. Na biyu, tsakanin Basalona da Marsey, inda iska take yawan tayar da igiyar ruwa, jiri da amai suka kama maman yara, muka je wurin likitan jirgi, sai na tarar katin lafiyarmu na Italiya ba ya aiki a can. Duba na minti goma da allura ɗaya su ne yuro 95 ɗin nan. Haka ma waya: tun 2017 layin ƙasa ɗaya ta Tarayyar Turai yana aiki a sauran ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma da jirgi ya yi nisa da gaɓa sai wayar ta kama layin tauraron ɗan'adam mai tsada, dole ka kashe ta.

Yanzu ga ɓangarenka, wato kasuwancin fata. A Cibitabekiya jirgi ya sa yuro 70 kan kowane mutum don kai shi Rum da dawo da shi, mu kuwa muka hau jirgin ƙasa a kan kusan yuro 5, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, sai dai wanda ya fita da kansa ya makara, jirgin ruwa ba ya jiransa. A Rum na shiga shagunan jaka da takalma na yi ta juya kaya a hannuna kamar yadda ka koya min. Wata jakar mata ta fatar akuya yuro 180, na murza ta, na shinshina, na leƙa cikinta. Wallahi, Yaya, kirgin bai fi na jar akuyar Sakkwato da kake sayarwa a Kurmi ba, kuma ka fi ni sanin cewa fatun da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa da yawansu Italiya da Sifaniya ake kai su. Inda suka tsere mana shi ne gamawa: ɗinkin a miƙe yake ƙafa ɗaya ba ta fi ɗaya ba, an shafe bakin fatar an goge shi sumul, zif ɗin yana tafiya ba cijewa, an yi shafi da yadi mai kauri, warin jima kuma babu shi sam. Dukawanmu sun fi su zane da haɗa launi, amma zif mai arha da zare mara ƙwari su ne suke karya mana farashi. A teburan bakin titi kuma akwai na yuro 25, roba ce zalla da aka yi wa kamannin fata, irin wadda ta cika kasuwanninmu.

Kasuwar Ballaro a Palermo ita ce ta fi kama da gida. Larabawa sun mulki birnin daga shekarar 831 zuwa 1072, kuma har yau masu kifi da kayan miya suna ɗaga murya suna talla kamar a 'Yankaba, wani dattijo ma da na sayi lemo ya ƙara min biyu gyara. A Malta na ji abin da ya ba ni mamaki: harshensu daga Larabci ya samo tushe, mai shago yana faɗin farashi na ji sittin da hamsin kamar Bakano ne ke magana. A Basalona muka samu Juma'a a wani masallacin 'yan Pakistan a unguwar Rabal, muka ci naman yanka na farko cikin kwana shida. A Marsey kuwa, unguwar Nowai cike take da mahauta Musulmi da dabino da kayan ƙanshi, har kuɓewa da garin rogo na gani, sai dai kilo ɗaya na kuɓewa yuro 7, kuma ba a ciniki, abin da aka rubuta shi za ka biya.

Ka tambaye ni ko zan ba ka shawara ku zo kai da Anti. Idan hutu kake nema da ganin birane biyar ba tare da ɗaukar akwati daga masauki zuwa masauki ba, tafiyar ta biya, muddin ka ware kashi ɗaya cikin uku a kan farashin da ka gani, ka kuma nemi bizar Shengen da wuri. Idan kuwa don kasuwanci ne, awa bakwai ko takwas da ake bayarwa a kowane gari ba za su ishe ka ganin dillali ko masana'anta ba, gara ka sauka wurina mu bi ta jirgin ƙasa a tsanake.

Na sayi jaka biyu, babba da ƙarama, da zif goma masu kyau, da sabulun Marsey dunƙule uku irin mai tambarin kashi 72 cikin ɗari na mai, wannan na Hajiya ne. Zan ba mai tahowa Kano a ƙarshen wata. Jakunkunan ba na sayarwa ba ne, ka kai wa badukun da ka fi amincewa da aikinsa ya farke ɗaya ya ga yadda aka haɗa cikinta, sannan ka rubuto min nawa guda ashirin za su ci idan ni zan riƙa turo zif da zare daga nan. A gaishe min da Hajiya da Anti da yara duka.

Ƙaninka, daga Italiya.