Na sa an sauke gaban Hilux ɗina a Haɗeja: abin da na gani bayan wata biyar

Motar da nake ɗaukar riɗi da zoɓo da ita a-kori-kura ce, Toyota Hilux ƙirar 2002 mai jan ƙafa huɗu, kuma a hannu na saye ta. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya sa an ɗaga gabanta sosai, wai don ta yi kwarjini. Idan ba ta da kaya abin yana da kyan gani, amma da zarar an ɗora mata buhu takwas a ƙauyenmu da ke ƙasar Malam Madori, sai bayanta ya zauna, hancinta ya kalli sama, sitiyari ya yi sakwaf a hannu. Duk asubar Alhamis da zan tafi kasuwar Maigatari ta hanyar Gumel, direbobin da ke tahowa sai sun yi ta watsa mini fitila, domin tawa idanunsu take haskawa maimakon kwalta. Ga robar da ke rufe gaɓar shaf ɗin gaba ta yage sau biyu a shekara guda, giris ya zube, yashi ya shiga.

Wani bakanike a Haɗeja na kai wa. Ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana karkaɗe riga, ya ce, “Alhaji, an ɗaure motar nan fiye da kima, shi ya sa take cinye maka roba.” Ya nuna mini cewa gaban irin wannan Hilux ba ya kan sifirin mai naɗi, yana kan wasu dogayen sandunan ƙarfe biyu ne da makanikai ke kira toshin ba, waɗanda ke murɗewa idan taya ta hau tudu, kuma kowanne yana da dogon noti a ƙarshensa na baya da ake ɗaurewa ko a sassauta don a ɗaga mota ko a sauke ta. Waɗanda aka ƙera daga 2005 zuwa sama sifirin mai naɗi gare su, saboda haka wannan dabarar ba ta aiki a kansu.

Yadda ya yi aikin ya kwanta mini a rai. Sai da ya nemi daɓen siminti mai daidai, ya sa tef ya auna daga tsakiyar taya zuwa leɓen bodi a dama da hagu, ya rubuta da alli a jikin ƙofa, sannan ya ɗaga gaban da jak domin nauyi ya bar sandunan. Notin hagu ya ci tsatsa, ya jiƙa shi da mai ya bar shi ya sha maimakon ya sa ƙarfi, yana kwancewa yana ƙirga juyi da baki don ɓangarorin biyu su zo ɗaya. Da ya sauke ta, ya sa yaronsa ya zaga gari da ita don ƙafar ta zauna, ya sake aunawa. Inci biyu ya sauke ta.

Sai dai an yi laifi biyu a aikin. Laifin farko nawa ne, domin ni na nace a ƙara sauke ta da inci ɗaya, shi kuwa ya ce, “Alhaji, hanyarku fa yashi ce.” Kwana uku bayan haka na shiga turbar amalanke da kaya, tudun da ke tsakanin sawun tayoyi ya riƙa gogar farantin da ke kare kaskon baƙin mai, kuma duk ramin da na faɗa sai in ji ƙafar ta daki robar da ke tare ta, dam, har cikin haƙora. Na koma ya mayar mini da incin ba tare da ya karɓi ko sisi ba.

Na biyun kuwa nasa ne, kuma har yanzu yana yi mini ciwo. Bai gaya mini cewa duk lokacin da aka taɓa tsawon gaba, tsayuwar tayoyi tana sauyawa, dole a je a yi alaimen ba. Cikin mako shida gefe ɗaya na sababbin tayoyina biyu ya suɗe, ina shafawa da tafin hannu ina jin kaifin zanen yana kama fata, sai da na kai ta Kano aka saita. Wanda ya san abin da taya ke ci a yau ya san wannan ba ƙaramar asara ba ce, kuma kalma ɗaya daga bakinsa da ta hana ta.

Tun bayan saitin motar ta natsu. Burji ba ya jijjiga ni kamar da, fitila ta dawo kan hanya, robar shaf tana nan lafiya, kuma mahaifina, da ciwon gwiwa ke damunsa, yanzu yana shiga gidan gaba ba tare da an kama shi ba. Bayanta dai yana nan yana zama idan na wuce buhu takwas, domin wannan aikin sifirin ɗin baya ne, kuma na yi niyyar zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano in nemo sababbi idan an gama girbin bana. Bakaniken nan dai zan kai wa ya ɗaura, amma daga garejinsa wurin alaimen zan wuce kafin in koma gida.