Fayil Mai Zobba Huɗu da Ledojinsa: Shekara Guda Ina Adana Takardun Girki a Ciki

Shekara guda ke nan da na tattara takardun girke-girken da na riƙa bugawa daga intanet, haɗe da waɗanda na rubuta da hannu, na shirya su a cikin fayil mai zobba. Kaya uku na saya domin wannan aiki: fayil girman A4 mai zobba huɗu, da ledoji masu huji a gefe waɗanda ake zura takarda a ciki, da kwalayen raba babi. Fayil ɗin da ledojin sun fitar da ni kunya, amma kwalayen sun ba ni wahala.

Ƙirar fayil mai zobba ta daɗe, domin Bajamushen nan Friedrich Soennecken ya fito da ita a 1886, shekarar da ya yi wa na'urar huda takarda rajista. A mafi yawan ƙasashen da ke amfani da A4, huji biyu ake yi masu tazarar milimita 80, kuma hakan ya wadatar ga takardun ofis da ba a yawan taɓawa. Takardar girki kuwa kullum a hannu take, kuma idan ta shiga leda nauyinta yana ƙaruwa, sai ka ga zobba biyu sun bar ta tana reto, ƙasanta yana leƙowa daga bangon fayil. Zobba huɗu suna riƙe ta daga sama har ƙasa. Zobban nawa masu siffar harafin D ne, a jikin bangon baya aka kafa su, saboda haka shafuka suna kwanciya sumul idan an buɗe, kuma har yau bakinsu yana haɗuwa ƙam, babu giɓin da zai kama leda ya yage ta.

Ledojin su ne ƙashin bayan wannan tsari, kuma a kansu ya kamata mai saye ya fi sa ido. A duba jikin fakiti a tabbatar an rubuta PP, wato nau'in robar da aka yi ledar da shi, domin ledar da aka yi da ɗaya nau'in, PVC, tana ɗauke da sinadarin da ke tausasa roba, wanda yake narkar da garin tawadar firinta mai lesa da na injin fotokwafi, har rubutu ya bar takarda ya manne a jikin ledar. Kauri ma yana da muhimmanci. Na fara da masu maikiron 50 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), sai na ga suna yamutsewa, hujinsu kuma yana buɗewa bayan 'yan watanni, don haka na koma ga masu maikiron 90. Wata rana mai ya fantsamo daga kasko ya sauka a tsakiyar shafin da nake bi, daidai kan ma'aunin gishiri, na sa tsumma mai ɗan jiƙe na goge, rubutun ya fito tas. Da a fili takardar take, da shi ke nan, musamman da yake da firinta mai fesa tawada na buga ta, irin tawadar da ɗigon ruwa kaɗai yake iya dagulawa.

Ledar tana da nata rauni. Bakinta a sama yake buɗe, ruwan da ya zubo daga sama yana iya gangarawa ciki, kuma ba ta jure zafi, don haka nesa da murhu ake ajiye ta. Mai sheƙi tana mayar da hasken fitila cikin ido, shi ya sa na fi son mai dushi-dushi, ko da yake tana rage kyan hoto kaɗan. Akwai kuma batun girma: A4 milimita 210 ne a faɗi da 297 a tsawo, ita kuwa takardar Amurka 216 da 279 ce, kuma fayilolin Amurka zobba uku gare su. Ledoji masu huji 11 suna shiga zobba biyu ko uku ko huɗu, amma takardar Amurka takan matse a ledar A4.

Kwalayen raba babi su ne suka ɓata mini rai. An yanka su daidai da faɗin takarda, alhali leda ta fi takarda faɗi saboda gefenta mai huji, sai kunnuwan kwalayen suka nutse a tsakanin shafuka, ba a ganin ko ɗaya. Dole na sake sayen masu ƙarin faɗi, kuma na yi sa'a bangon fayil ɗina yana da faɗin da zai rufe su. Wanda zai saya ya haɗa kayan uku a hannunsa ya gwada kafin ya biya.

Abin da ya fi ɗaure ni ga wannan fayil shi ne yana karɓar gyara. Girki ɗaya nake sawa a kowace leda, ko biyu baya da baya, kuma idan na gwada shi nakan zaro takardar in rubuta da fensir abin da na sauya. A nan ne nake mayar da digiri 350 na Faranhait zuwa kusan 180 na Salsiyos, da kofin Amurka zuwa kimanin mililita 240, domin kada in sake lissafi hannuna cikin ƙullu. Girkin da ban gwada ba yana zama a babin ƙarshe, idan ya yi daɗi ya koma cikin 'yan uwansa, idan bai yi ba in cire shi ledar ta karɓi wani. Ranar girki kuwa ba na ɗauko fayil ɗin gaba ɗaya, shafin da nake bukata kawai nake cirewa in maƙale shi a ƙofar kabad daidai da idona.