'Yan littattafan insha'i na kasuwa: shafin ƙarshe ya fi sauran amfani

Da wuya ka shiga shagon littattafai a Sabon Garin Kano, ko Zariya, ko Sakkwato, ka rasa 'yan littattafan nan na koyon insha'i. Sirara ne, takardarsu irin ta jarida, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Zubinsu kusan ɗaya ne: ɗan bayani kan ire-iren insha'i, sai samfurori da aka riga aka rubuta, sannan a ƙarshe jerin batutuwan da ɗalibi zai gwada da kansa. Kasuwarsu ta fi ci idan jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare ko ta WAEC da NECO ta ƙarato.

Bayanin farko ba shi da laifi. Yawancinsu suna kawo insha'in labari, na siffantawa, na bayani, na muhawara, da rubutun wasiƙa, kuma suna nuna bambancin wasiƙar neman aiki da ta sada zumunci yadda yaro zai gane.

Matsalar tana cikin samfurorin. "Makarantarmu", "Babban abokina", "Ranar da ba zan manta da ita ba", "Yadda na yi hutu". Yaro ya samu an gama masa aiki, sai ya haddace. Malami ya karɓi littattafai hamsin, ya tarar rabin ajin duk babban abokinsu dogo ne, wankan tarwaɗa, mai ladabi da son karatu. Ranar jarrabawa, da an ɗan karkata tambayar, haddar ta rushe. Wani ma sai ya zuba abin da ya haddace ko da bai dace da tambayar ba, makin ƙunshiya ya tafi a banza. A takardar Ingilishi ta WAEC ana son kalmomi 450, makin kuma 50 ne: ƙunshiya 10, tsari 10, sarrafa harshe 20, ƙa'idojin rubutu 10. Hadda ba ta koya wa yaro ko ɗaya daga cikin huɗun.

Sai batun bugu, wanda ya kamata mai saye ya duba tun yana tsaye a shagon. A buɗe tsakiyar littafin a karanta sakin layi ɗaya. Idan babu ƙ da ɗ da ɓ, a mayar da shi kan kanta, domin yaro zai ɗauka haka ake rubutu. A duba yadda aka raba kalmomi ma: "yana" a haɗe take, "za su" a rabe. Da yawa daga cikin bugun nan suna juya su.

Abin da ya sa duk da haka ba za a ce kada a saya ba shi ne jerin batutuwan nan na baya. Yana rage wa malami ko uba wahalar tunanin abin da zai ba yaro. Sai dai batutuwan sun cika faɗi, dole a rage musu girma kafin a miƙa su. "Kasuwa" ba batu ba ne ga ɗan aji biyar na firamare. "Abin da mai yankan rake yake yi daga lokacin da aka ba shi kuɗi har ya miƙo rake" batu ne. "Bikin salla" ya koma "abin da na gani daga inda na tsaya ranar Hawan Daushe". "Sana'o'in gargajiya" ya koma yadda ake rina zane a karofin Ƙofar Mata, idan yaron ɗan Kano ne, ko yadda ake yaɓen rumbu idan a karkara yake. A watan azumi akwai tashe, da kaka akwai girbi da sussuka.

Insha'in bayani ya fi saurin gyara rubutun yaro, saboda ba ya karɓar ƙarya. A ce ya rubuta yadda ake ƙosai. Dole ya je ya tambaya: a jiƙa wake, a surfa a cire ƙowa, a wanke, a kai niƙa da attaruhu da albasa, a buga ƙullun har ya tashi, a sa gishiri, a soya cikin mai mai zafi. Idan ya tsallake bugun ƙullu, duk wadda ta taɓa suya za ta kama shi. A nan yake koyon "da farko", "bayan nan", "daga ƙarshe" ba tare da an sa shi haddace su ba.

Hanyar da ta fi aiki ita ce littafin ya zauna a hannun babba. A zaɓi batu ɗaya a mako. A yi wa yaro tambayoyi biyar: wa, me, ina, yaushe, ta yaya. Ya amsa da baki na kamar minti goma, ya rubuta kalmomin da suka fito a gefen takarda, sannan ya fara. A firamare, ɗan aji huɗu jimla shida zuwa takwas sun ishe shi, ɗan aji shida kalmomi 100, ƙaramar sakandare 150 zuwa 200. Wajen gyara kuma kada a cika shafin da jan biro; a ɗauki kuskure iri biyu kawai, misali aya da babban baƙi, a bar sauran sai wani makon. Samfurin littafin sai bayan ya gama nasa za a nuna masa, ya kwatanta yadda aka buɗe da yadda aka raba sakin layi.

Ɓangaren muhawara ne ya fi rauni. Har yanzu "likita ya fi malami" da "zaman birni ya fi na ƙauye" ake ta maimaitawa, yara kuma sun san amsoshin tun kafin a tambaya. Gara a ba su abin da ya shafe su: a rage hutun ƙarshen shekara ko a bar shi, a riƙa ba da aikin gida ranar Juma'a ko a daina. Waɗannan ba a cikin littafin suke ba, sai malami ya rubuta su da biro a ƙasan jerin.