Garabasar kamfanonin caca: wace ce ke ɗaure kuɗinka, wace ce ke da dama-dama

Daga Garwa zuwa Marwa har Kusuri, da wuya ka buɗe Facebook ko TikTok ba ka ci karo da tallar "zuba jaka goma, mu ƙara maka jaka goma" ba. Hukuncin caca a addini sananne ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana. Amma samarinmu suna yi, 'yan acaba da ɗalibai da yaran shago, kuma yawancinsu garabasar ce ta fara jawo su. To gara a baje ta a faifai a ga abin da ke cikinta.

Mu fara da babbarsu, garabasar zubin farko. Ka zuba sefa 10,000 ta Orange Money ko MTN, ka ga 20,000 a allon waya. Wannan ƙarin ba kuɗinka ba ne tukuna. Akwai sharaɗin juyawa, kuma a nan duk maganar take. Tsarin da aka fi gani shi ne a ce sai ka buga kuɗin garabasar sau biyar, a tikitin da ya haɗa wasa uku ko fiye, kowane wasa kot ɗinsa (lambar da ake ninka kuɗinka da ita in ka ci) bai gaza 1.40 ba, cikin kwana 30. Sau biyar na 10,000 shi ne 50,000.

Yanzu ɗauko alƙalami. A wasan da ɓangarorin biyu suke kunnen doki, adalci shi ne kowane ɓangare a ba shi kot 2.00. Kamfani sai ya ba da kamar 1.85. Ma'ana cikin kowace sefa 100 da jama'a suka zuba, 92 da rabi ce ke komawa gare su, sauran riba ce. In ka haɗa wasa uku a tikiti ɗaya, wannan yankan yana hawa kan juna, abin da ke dawowa ya sauka zuwa wajen 79. Kashi 21 cikin ɗari na 50,000 ya ɗan haura 10,000. Ka ga ke nan, a wannan misalin, kafin ka cika sharaɗin lissafi ya riga ya cinye kyautar. Wani zai tsallake da sa'a, ba a musu. Amma wanda ya tsara sharaɗin ya yi wannan lissafin tun kafin ya buga talla, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya kamata ka duba tsakanin kamfani da kamfani ba girman garabasar ba ne. Duba ko juyawar a kan garabasar kaɗai take, ko a kan garabasa da kuɗinka gaba ɗaya. In na biyun ne, 50,000 ɗin nan ta koma 100,000. Duba kuma me zai faru in ka nemi cire kuɗinka kafin ka cika sharaɗi: wasu garabasar kawai za su soke, wasu har da abin da ka ci da ita. Garabasar kashi 50 mai juyawa sau uku ta fi ta kashi 200 mai juyawa sau goma sauƙi nesa ba kusa ba, ko da ta biyun ta fi cika ido.

Ta biyu ita ce tikitin kyauta. Wannan ta fi fitowa fili. An ba ka tikitin sefa 1,000, ka buga a kot 2.00, ka ci. Ba 2,000 za ka samu ba, 1,000 ce, domin uwar kuɗin ba a mayar da ita. Sau da yawa wa'adinta gajere ne, wani lokaci kuma akwai iyakar abin da za ka iya ci. A ganina ita ce mai dama-dama, muddin ba a ce sai ka fara zuba naka ka rasa ba.

Sai mayar da wani kaso na asara. Sunanta ya faɗi komai, sai ka yi asara take zuwa, kuma galibi ba tsabar kuɗi ake mayarwa ba, wani tikitin kyautar ne da zai dawo da kai gobe.

Wadda na fi jin tsoro ga samarinmu ita ce ƙarin kaso a kan dogon tikiti: haɗa wasa goma ko sha biyar, a ƙara maka wani abu a kan abin da ka ci. Da sefa 200 mutum yana hango miliyan. Sai dai ko da kowane wasa cikin goman yana da damar kashi 70 na fitowa yadda ka zata, damar su fito gaba ɗaya ba ta kai uku cikin ɗari ba. Mutanen Garwa ba sa bukatar a ba su labari. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a nan Kamaru, Najeriya ta doke Masar da Sudan da Gine Bisau a filin Rumde Ajiya, kowa ya sa ta a sahun masu ɗaukar kofi. Ranar 23 ga Janairun 2022 Tunisiya ta fitar da ita da ci ɗaya a wannan filin dai. Wasa ɗaya irin wannan ya isa ya yaga tikitin wasa goma sha biyar.

Garabasar wasannin inji da na jirgin nan mai tashi a allon waya, wanda kuɗinka ke ninkuwa yayin da yake hawa sama, kuwa, juyawarta kan kai sau 30 ko 40. Sau 35 na 10,000 shi ne 350,000. Ban ga dalilin da zai sa mai neman na cefane ya kusance ta ba.

Akwai kuma abin da ba ya cikin talla, wato ranar cirewa. Lokacin zubawa ba mai tambayarka komai. Ranar da ka ci kuɗi mai kauri za a nemi hoton katin ɗan ƙasa, kuma sunan da ke kai dole ya zo ɗaya da na asusun da na layin waya. Mu kuwa nawa ne ke amfani da layin da yaya ko kawu ya yi wa rajista? Haka buɗe asusu biyu a waya ɗaya don cin garabasa sau biyu, sharuɗɗan kamfanonin sun ba su damar rufe duka biyun. A Kamaru dokar 16 ga Yulin 2015 ce ke tsara harkar caca, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke ba da izini. Shafin da ba shi da izini a ƙasar, in ya riƙe kuɗinka ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Na Njamena da ke zubawa ta Airtel Money ko Moov su ma su tambayi izinin kamfanin a Chadi.

Shi kuma mai raba lambar garabasa a WhatsApp yana cewa "yi rajista da lambata", ka sani yana da kamasho, kuma a tsari da yawa kamashon nasa kaso ne daga abin da ka rasa.

In za a jera su, tikitin kyauta marar sharaɗin zubi ne a gaba, sai garabasar zubin farko mai ƙaramar juyawa a kan garabasar kaɗai, dogon tikiti da wasannin inji a can ƙarshe. Yawancin shafukan suna da wurin da za ka ƙi karɓar garabasa tun wajen rajista. Wanda ya ƙi ta, yawanci sau ɗaya kawai za a ce ya buga abin da ya zuba kafin ya iya cirewa.