Takalmi, agogo da guzuri: abin da za ka saya kafin gudun fanfalaki na Legas

Duk wanda ya yi rajistar gudun fanfalaki na Legas a karon farko, tambayar da yakan fara yi ita ce wane takalmi zai saya. Ni ma da ita na fara. Na kwashe makonni ina kallon hotunan kambas a waya, amma ko sau ɗaya ban zauna na lissafa minti nawa zan riƙa yi a kowace kilomita ba. Sai da rana ta ritsa da ni a kan gadar Third Mainland, ƙafa ta yi nauyi, maƙogwaro ya bushe, sannan na gane inda ya kamata kuɗina su fara zuwa.

Kafin a je kasuwa, a san filin daga. Tun 2016 ake yin wannan tsere, galibi a watan Fabrairu, tsawonsa kilomita 42 da mita 195 kamar kowane gudun fanfalaki a duniya. Hanyar da aka fi sani tana tashi ne daga babban filin wasa na Surulere da sanyin safiya, ta haye Third Mainland, ta ratsa Ikoyi da Lekki, ta ƙare a Eko Atlantic. Masu shiryawa sukan sauya ta, saboda haka ka nemi taswirar shekarar da za ka shiga. Gadar kaɗai ta kai kusan kilomita 12, wato ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyar, ba inuwa, ba jama'a masu ihu suna ƙara maka ƙarfi, daga kai sai kwalta sai ruwa hagu da dama. Legas ba ta da tuddan a-zo-a-gani. Abin da ke kayar da mutane zafi ne da laima. Mutumin Kano ko Zariya ko Maraɗi ya yi atisayensa a Disamba da Janairu, cikin hunturu, inda gumi ke bushewa tun bai gangaro ba. A Legas gumin zama yake yi a jiki, kuma muddin bai bushe ba jiki ba ya hucewa. Ko gwanayen Kenya da Habasha da ke lashe gasar sukan ci awa 2 da minti 10 ko fiye, alhali a Balin ko Shikago, inda ake gudu cikin sanyi, an saba ganin ƙasa da haka da mintoci da dama.

To, takalmi. Iri uku ne a gabanka.

Na farko shi ne wanda kowa ke kwaɗayi, mai faifan kabon (wani siririn falle mai tauri mara nauyi) a cikin tafinsa da soso mai taushi da ke cilla ƙafa gaba. Kamfanin Nike ne ya buɗe wannan babi da Vaporfly a 2017, a kan dala 250. Da ƙaninsa Alphafly ne Eliud Kipchoge na Kenya ya yi tsawon fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyena a 2019, kodayake ba a ƙirga wannan a matsayin tarihin gasa ba saboda yadda aka tsara gudun. Tigst Assefa ta Habasha kuwa ta yi 2:11:53 a Balin a 2023 da wani Adidas da aka sa wa dala 500. Tun a 2020 ma abin ya kai hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka cewa kaurin tafin kada ya wuce milimita 40, faifan kuma ɗaya tak. Gaskiya takalmin yana aiki. Gwajin da aka yi ya nuna yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin ɗari. Sai dai a kan masu gudu da sauri aka fi yin gwajin. Wanda zai ci awa huɗu da rabi ko biyar, wanda wataƙila zai haɗa da tafiya a kilomita goman ƙarshe, ribarsa ba ta kai haka ba. Dunduniyar takalmin siririya ce, ga tsawo, da gajiya ta zo sai idon sawu ya fara lilo. Ba ya kuma jure dogon aiki, ba ka isa ka yi wata huɗu kana atisaye da shi ba sannan ka same shi da ƙarfinsa ran gasa. Ke nan wanda ya saye shi sai ya sake sayen na biyu. In kana cikin masu neman ƙasa da awa uku da rabi, kuma aljihu da nauyi, bismilla. Sauranmu mu wuce.

Na biyu shi ne takalmin gudu na yau da kullum, irin su Pegasus na Nike, Ghost na Brooks, Gel-Cumulus na Asics, da makamantansu. Ba shi da wani kwarjini a hoto, amma da shi za ka yi atisaye, da shi kuma za ka shiga gasa. Yakan ɗauki kilomita 500 zuwa 800 kafin soson ya mutu. Shirin fanfalaki na mako 16 zuwa 20 yana iya cinye wannan gaba ɗaya, don haka dabara ita ce ka fara da wanda kake da shi, sabon kuma ya shigo wajen mako shida kafin ranar, ka yi dogon gudu biyu ko uku da shi ya saba da ƙafarka. A ganina nan kuɗin mafi yawan mutane ya kamata su tsaya.

Na uku gwanjo. Kada kowa ya raina shi, da yawa daga cikin masu gudu a ƙasar nan da shi suka fara. A Ƙofar Wambai a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, ko Katako a Jos, mai sa'a yakan tsinci takalmi na asali da Bature ya sa sau uku ya gaji. Mai rashin sa'a kuma ya kwaso wanda samansa fes, cikinsa ya riga ya mutu. Mai kaya zai ce maka, "Yallaɓai, wannan ɗan Ingila ne, ko ƙasa bai taka ba." Ka yi murmushi, ka juya shi. Dubi robar ƙasa wajen dunduniya: in ta sude gefe guda, mai shi ya gama da shi. Danna soson gefen da babban yatsa. Mai rai yakan dawo nan take, matacce kuwa ya yi tamoji kamar fatar tsoho, ya lotse ya zauna. Ajiye ƙafa biyun a kan benci ka duba daga baya, in ɗaya ya karkace bar shi ko da kyauta ne. Zare shimfiɗar ciki ka gani, akwai masu sa sabuwa don ɓoye rami. Duk da haka na fi yarda da gwanjo mai kyau a kan sabon jabu mai tambarin babban kamfani, wanda ake tallarsa a intanet a kan kuɗin da bai kai sulusin na gaskiya ba. Araha ba ta ado. Soson jabu taurin katako gare shi, gwiwa ce ke biyan sauran kuɗin.

Ko wanne ka zaɓa, zuwa da kai ya fi aike. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin doguwar yatsarka da bakin takalmin. A zafin Legas ƙafa ƙara kumbura take yi. Farce biyu na rasa kafin na koyi wannan.

Yanzu agogo, wanda da shi ya kamata na fara.

Ran gasa, da an busa usur kowa sai ya zama ɗan Kenya. Gari bai gama wayewa ba, jiki ya huta mako biyu ko uku, ga dubban mutane suna tura ka gaba. Ni na yi niyyar awa huɗu da rabi, wato minti 6 da daƙiƙa 24 a kowace kilomita. Na tsinci kaina ina yin biyar da rabi, ina jin daɗi, har ina ɗaga wa masu hoto hannu. Kusan minti ɗaya nake "ribata" a kowace kilomita, a tunanina ina tara ajiya. Bayan kilomita 30 aka zo karɓar bashi. Sukarin da jiki ke adanawa a tsoka da hanta yakan kusa ƙarewa a daidai wannan wuri, kuma wanda ya fara da sauri ya fi saurin ƙone nasa. Wani dattijo da na wuce tun a Surulere, gashinsa fari fat, ya zo ya same ni ina jan ƙafa a Lekki, ya dafa ni ya ce in sha ruwa, ya ci gaba da ɗan sassarfarsa. Ban sake ganin ko ƙeyarsa ba. Sauri ya haifi nawa.

Agogo mai GPS, irin Forerunner 55 na Garmin ko Pace 3 na Coros, zai nuna maka saurinka a kowane lokaci, ya yi ƙara duk kilomita, batirinsa kuma ya kai ka ƙarshe ba fargaba. Ba sai ka hau zuwa manyan masu taswira da kiɗa ba, ƙaramin ya wadatar. Amma kada ka ɗauki maganarsa kamar yankan wuƙa. Tsakanin dogayen gine-gine yakan ruɗe, kuma tunda ba za ka bi mafi gajeren layi a kowace kwana ba, a ƙarshe yakan nuna ka wuce kilomita 42 da 'yan ɗaruruwan mitoci. Ka riƙa gwada shi da allunan kilomita na kan hanya. Waya da manhajar Strava ita ma tana yi wajen atisaye, sai dai ran gasa kaya ce: ga nauyi, ga gumi a gilashi, ga caji da zai iya mutuwa kafin ka isa. Akwai kuma hanyar talaka, wadda har yau ban ga aibinta ba: agogon roba mai ƙirga daƙiƙa, da 'yar takarda da ka rubuta lokutanka ka lulluɓe da salatif ka ɗaura a wuyan hannu. Mai neman awa huɗu da rabi ya rubuta minti 32 a kilomita 5, awa 1 da minti 4 a kilomita 10, haka har ƙarshe. Mai neman awa huɗu saurinsa 5:41 ne, mai awa biyar 7:07. Abu ɗaya: ɗan Casio F-91W da kowa ya sani, ƙirgensa yana komawa sifili duk bayan awa guda, sai ka riƙe awannin a ka.

Kuma lambar da za ka rubuta kada ta zama ta hunturu. In a gida kana jin za ka iya awa huɗu, rubuta huɗu da kwata don Legas, ka tafi a hankali har ka sauka daga gadar. In ƙarfi ya rage bayan kilomita 32, a nan za ka kashe shi. Jiki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, kuma ba kowa ke da halin zama Legas tsawon haka ba. Ko ba komai, a makonnin ƙarshe ka mayar da wasu gajerun atisayenka zuwa hantsi maimakon bayan asuba. A tuna kuma cewa a 'yan shekarun nan azumi yana kewayen Fabrairu, a duba kalanda tun kafin a biya kuɗin mota.

Guzurin hanya fa? Masana sun ce gudun da ya wuce awa biyu yana buƙatar giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa. Jel ɗin da ake sayarwa a 'yan ƙananan leda yana ɗauke da giram 20 zuwa 25, ba nauyi, ba tauna, amma daga waje ake kawo shi, kuma biyar ko shida za ka buƙata ran gasa, ban da na gwaji. Dabino mai laushi yana yin aikin. Ka cire ƙwallon tun a gida, ka ƙulla uku-uku a leda, ka ci ƙulli ɗaya duk minti 40 da kurɓin ruwa. Busasshen nan mai tauri ka bar shi a gida, bakin da ya bushe ba zai iya da shi ba. Dokar duka biyun ɗaya ce: abin da cikinka bai sani ba a dogon atisaye, kada ya fara saninsa a kan gada, don can babu inda za ka kewaya. Ruwa kuma ka kurɓa a kowace tasha tun daga farko, amma kada ka maida cikinka randa. Ruwa zalla mai yawa ba gishiri yana iya tsinka gishirin jini, abin har ya kai ga asibiti. Ƙullin gishiri da sukari na kemis, wanda ake ba yara masu gudawa, yana da arha kuma yana taimakawa.

Sutura ba ta son dogon bayani. Auduga tana shan gumi ta yi nauyi ta goge fata, saboda haka rigar ƙwallo mara nauyi mai haske ta fi, safa ma kada ta zama auduga in ba ka son bororo. Hular hana-sallah fara, da basilin a hammata, cinya da kan nono. Wanda ya taɓa shiga wanka bayan ya manta da wannan ba ya sake mantawa. 'Yan'uwa mata su gwada rigar nono ta wasanni da ɗan hijabi mara kauri a dogon gudu tukuna, ɗinki ɗaya da ke gogar wuya ya isa ya ɓata awa biyar.

Saura masauki, shi ma saye ne. Wasu sukan kama ɗaki kusa da inda za a ƙare, don su faɗa gado da an gama. Na fi son kusa da inda za a tashi, saboda tun da duhu ake rufe tituna, kuma neman mota ƙarfe huɗu na asuba a garin da ba naka ba gudun fanfalaki ne na daban. In a Surulere za a tashi, Idi-Araba na nan kusa, cike da 'yan Arewa. A can na ci shinkafa da miya irin wadda cikina ya sani daren jajibiri, na ce wa mai abincin, "Hajiya, a rage yaji," da asuba kuma mai shayi ya haɗa mini ruwan bunu da rabin burodi, na ɗaure lambata a ƙirji na nufi filin.